Yadda ake kafa shirin al'umma da zai gina matasa

Yawancin shirye-shiryen da ake kafawa domin matasa daga tsoro suke farawa. Manya sukan ga shaye-shaye ya ƙaru, ko faɗace-faɗace sun yi yawa, ko yara suna barin makaranta, sai su taru su ce lalle a yi wani abu. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a kira taro, a jera matasa a kan kujeru, a yi musu dogon jawabi a kan illar abin da ake tsoro, a ɗauki hoto, a watse. Niyyar tana da kyau, amma amfaninta kaɗan ne, domin yaron da bai taɓa shan ƙwaya ba yana iya kai shekara ashirin bai iya wata sana'a ba, bai taɓa riƙe amanar kowa ba, kuma ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi ra'ayinsa ba. Tun farkon shekarun 1990 masu nazarin rayuwar matasa, ciki har da Karen Pittman ta Amurka, suke nanata cewa kuɓuta daga matsala daban, shirin zama babba kuma daban. A kan wannan tunani matakan da ke ƙasa suka ginu: a ɗauki matashi a matsayin mai baiwar da za a ciyar gaba, a haɗa shi da babban da zai daɗe tare da shi, a koya masa abin da zai iya nunawa, sannan a ɗora masa nauyi na gaske.

Mataki na farko: ku tantance waɗanda kuke nufi

Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa matasa daga shekara 15 zuwa 24, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar shekarun tasowa daga 10 zuwa 19, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 kuwa ta faɗaɗa iyakar daga 15 har zuwa 35. Babu shiri guda da zai dace da yarinya 'yar shekara 11 da magidanci ɗan shekara 30 a lokaci ɗaya, saboda haka ku zaɓi rukunin da tazarar shekarunsa ba ta wuce huɗu ko biyar ba, kamar 10 zuwa 14 ko 15 zuwa 19, ku fara da adadin da za ku iya sanin sunan kowa a cikinsa. Mutum ashirin zuwa talatin sun isa zangon farko.

Abin da ya fi wannan wahala shi ne sanin wanda ba zai zo ba. Duk shirin da aka buɗe wa ƙofa aka ce kowa ya shigo, waɗanda za su fara cika shi su ne yaran da iyayensu ke bibiyar al'amuransu, masu zuwa makaranta, masu kuɗin mota da lokacin hutu. Wanda ya bar makaranta, da wanda ke aiki da rana, da mai lalurar gani ko ji ko tafiya, da yarinyar da aikin gida ya cinye wa yamma, ba su cika amsa sanarwa ba. Ku rubuta tun farko kujeru nawa za ku ware musu, da kuma wanda zai je ya same su a inda suke.

Mataki na biyu: ku saurare su kafin ku rubuta komai

Kafin a zaɓi suna ko a buga takarda, ku keɓe makonni kaɗan domin sauraro. Ku zauna da matasan a ƙananan rukunai na mutum shida zuwa takwas, maza daban mata daban idan hakan zai sa su fi sakin jiki, kuma kada iyayensu ko malamansu su zauna a ɗakin. Ku guji tambayar “me kuke so mu yi muku?”, domin amsar da za ku samu ita ce wadda suke zaton kuna son ji. Ku tambaye su yadda ranarsu take gudana daga tashi zuwa kwanciya, da awannin da ba su da abin yi, da abin da suka iya wanda manya ba su sani ba, da wanda suke zuwa wurinsa idan abu ya dame su. Wata dabara mai amfani ita ce a ba su babbar takarda su zana taswirar unguwarsu, su yi alama a wuraren da suke jin aminci da wuraren da suke gudu, su kuma rubuta lokacin da kowane wuri yake zama haɗari. Sau da yawa taswirar 'yan mata takan bambanta ƙwarai da ta samari, wannan bambanci kuma shi ne zai nuna muku inda ya kamata a ajiye shirin.

Bayan haka ku lissafa abin da al'ummar ta riga ta mallaka. John Kretzmann da John McKnight na Jami'ar Northwestern sun yaɗa wannan hanya a 1993, inda suka nuna cewa unguwar da aka fara bayyana ta da jerin abubuwan da ba ta da su takan koyi jiran taimako daga waje. Ku rubuta masu sana'ar da za su yarda su koyar, da malaman da suka yi ritaya, da ma'aikatan lafiya, da ajujuwan da ke zama a kulle bayan an tashi makaranta, da filayen wasa, da ƙungiyoyin da suka riga ku fara aiki. Idan akwai wata ƙungiya da ke yin rabin abin da kuke nufi, haɗa kai da ita ya fi kafa kishiya.

Mataki na uku: ku rubuta manufar da ido zai iya gani

Richard Lerner na Jami'ar Tufts da abokan aikinsa, a binciken da suka fara a 2002 wanda ya bibiyi matasa fiye da 7,000 a jihohin Amurka 42, sun taƙaita ci gaban matashi a abubuwa biyar: iyawa, yarda da kai, kyakkyawar alaƙa da mutane, nagartar hali, da tausayi. Sun ce idan waɗannan suka haɗu sukan haifar da na shida, wato matashin ya fara ba da gudummawa ga iyalinsa da al'ummarsa. Jerin yana da amfani wajen tunani, amma ba za a iya aiki da shi haka nan ba. Ku zaɓi biyu ko uku daga ciki, ku mayar da kowanne jimlar da za a iya tabbatarwa. Maimakon ku ce za ku ƙara wa matasa yarda da kai, ku rubuta cewa kafin ƙarshen wata shida kowane ɗan shiri zai jagoranci zama aƙalla sau ɗaya, kuma zai gabatar da aikinsa a gaban baƙi. Maimakon ku ce za ku inganta alaƙa, ku rubuta cewa kowa zai iya ambatar babba guda a cikin shirin wanda zai tunkara da damuwarsa. Shafi ɗaya ya ishi wannan takarda, kuma ya kamata matasan su karanta ta su gyara kafin ta zama ta ƙarshe.

Mataki na huɗu: ku zaɓi manyan da za su zauna

A nan shiri yake tsayuwa ko ya faɗi, kuma a nan masu kafa shiri suka fi yin gaggawa. Emmy Werner da Ruth Smith sun bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka girma. Daga cikin waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama manya masu natsuwa da dogaro da kai, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi tarayya a kai shi ne samun aƙalla babba guda, kaka ko malami ko maƙwabci, wanda ya damu da su na tsawon lokaci. Ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, wadda tushenta ya faro a New York a 1904, a kan irin wannan alaƙa ta gina aikinta, wato haɗa yaro guda da jagora guda. Wani bincike a kan aikin ƙungiyar da aka wallafa a 1995 ya raba yara kusan dubu ɗaya masu shekara 10 zuwa 16 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba rukuni ɗaya jagorori, ɗayan kuma aka bar su suna jira. Bayan wata 18, yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin ɗari a rukunin da ke da jagorori, yiwuwar fara shan giya kuma da kashi 27, kwanakin da suka tsallake makaranta kuwa kusan rabin na takwarorinsu ne. Yaran ne da kansu suka ba da waɗannan amsoshi, don haka a ɗauke su da lura, amma alƙiblar da suka nuna a fili take.

Abin da aka fi mantawa da shi ya fito ne a 2002, lokacin da Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba waɗannan bayanai. Yaran da alaƙarsu da jagora ta kai shekara guda ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda kuma alaƙar tasu ta yanke kafin wata uku sun koma baya wajen ganin darajar kansu da yarda da ƙoƙarinsu na karatu. Yaron da mahaifinsa ya tafi, sannan wani babba ya zo ya yi masa alkawari shi ma ya ɓace, ya sake koyon darasin da kuke ƙoƙarin goge masa. A ganina masu aikin sa-kai huɗu da za su cika shekara sun fi ashirin da za su zo na wata biyu domin neman takardar shaida.

Saboda haka ku bi wannan tsari. Kowane mai nema ya cike takarda, ya kawo mutum biyu da ba danginsa ba waɗanda za su tsaya masa, ku kuma ku kira su da kanku, ku tambaye su kai tsaye ko za su bar ɗansu a hannunsa. Inda doka ta tanadi binciken tarihin laifi, ku yi shi. A lokacin ganawa ku faɗa masa awannin da ake buƙata a mako da tsawon wa'adin, ku tambaye shi abin da zai iya sauyawa a rayuwarsa cikin shekara mai zuwa, kamar ƙaura ko aure ko komawa karatu. Ku lura da yadda yake magana a kan matasa: mai cewa ya zo ne ya gyara su, ko wanda duk labarinsa a kan kansa yake ƙarewa, zai wahalar da ku. Bayan zaɓe a ba su horo a kan sauraro, da tafiyar da rukuni, da ladabtarwa ba tare da duka ko wulaƙanci ba, da gane alamun cin zarafi. Horon farko kaɗai ba ya isa, don haka ku sa ranar zama da su sau ɗaya a wata, inda kowa zai kawo abin da ya gagare shi. Babba guda ga matasa takwas zuwa goma ma'auni ne mai kyau, kuma ƙananan yara sun fi buƙatar hannuwa.

Mataki na biyar: ku kafa dokokin kariya kafin yaro na farko ya shigo

Duk inda aka tara yara, mai mugun nufi zai nemi hanyar shiga, kuma galibi yakan zo ne da fara'a da yawan taimako. Kyakkyawan zato ba ya tsare kowa, rubutattun dokoki da ake bi ba sani ba sabo su ne suke tsarewa. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe ko a mota. Ko dai manya biyu su kasance, ko kuma ganawar ta gudana a inda ake ganinsu. Kada a yi musayar saƙonni na sirri tsakanin babba da yaro, duk sanarwa ta bi ta zauren da wani babba ke gani ko ta wayar iyaye. Kada a ba yaro guda kyauta a ɓoye, kada a ɗauki hotonsa ko a wallafa ba da izinin iyayensa da nasa ba. Ku naɗa mutum guda mai kula da kariya, ku ƙara na biyu domin ranar da ƙorafin zai shafi na farkon, kuma yara su san su da suna da fuska.

Ku koya wa kowane ma'aikaci abin da zai yi idan yaro ya faɗa masa an cuce shi: ya saurara cikin natsuwa, kada ya yi alkawarin ɓoye maganar, kada ya tsananta tambaya, ya rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmomin yaron, ya kai wa mai kula da kariya a ranar. Ku binciki abin da dokar ƙasarku ta wajabta game da kai rahoto, ku ajiye lambobin hukumar kula da yara da asibiti mafi kusa. Takardar izinin iyaye, mai ɗauke da lambar gaggawa da bayanin duk wata rashin lafiya, da akwatin agajin farko, duk su kasance a hannu tun ranar buɗewa.

Mataki na shida: wuri da lokaci

Ku zaɓi wurin da za a iya zuwa da ƙafa, mai haske da ruwan sha da banɗaki, wanda mai keken guragu zai iya shiga. Ƙungiyar raya al'umma ta BRAC, mai tushe a Bangladesh, a kulob-kulob ɗin 'yan mata da ta buɗe a Yuganda daga 2008, ta ajiye su ne a cikin unguwanni, suna buɗewa da yamma bayan makaranta, a ƙarƙashin wata budurwa daga unguwar wadda ta ɗan girme su, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ƙaruwar masu sana'ar kansu da raguwar ɗaukar ciki da ƙuruciya. Rana ɗaya tabbatacciya a mako, wadda ba a ɗagawa don ruwan sama ko don baƙo, ta fi kwana uku da ake yi ana fashi.

Mataki na bakwai: ku tsara ayyukan da ke hawa mataki-mataki

A 2010 Joseph Durlak da Roger Weissberg da Molly Pachan sun tattara nazarce-nazarcen shirye-shiryen bayan makaranta kusan 70, suka ga cewa waɗanda suka kawo sauyi a hali da karatu suna da siffofi huɗu: darussansu a jere suke, kowanne yana hawa kan na baya, matasa suna yi da hannunsu maimakon sauraro kawai, an keɓe lokaci na musamman domin ƙwarewar da ake so, kuma an faɗa a fili wace ƙwarewa ce ake koyo. Shirye-shiryen da ba su haɗa waɗannan ba, sakamakonsu bai taka kara ya karya ba. Ke nan buɗe ɗaki da ajiye ƙwallo ba su isa ba.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa siffofin nan ita ce a gina kowane zango a kan aiki guda wanda zai ƙare da abin da mutanen waje za su gani. A ɗauki misalin matasa masu shekara 15 zuwa 18 da za su koya wa ƙananan yara karatu cikin mako goma sha biyu. A makonni uku na farko su koyi yadda ake gwada matakin karatun yaro, da yadda ake karanta labari da murya, da yadda ake gyara kuskure ba tare da kunyatarwa ba, suna gwadawa a junansu. A mako na huɗu su nemo wuri, su je wurin iyayen yaran neman izini, su tsara jadawali. Daga mako na biyar zuwa na goma sha ɗaya su koyar, kowa da yara biyu ko uku, babba yana kusa amma ba ya karɓe ajin. A makon ƙarshe su sake gwada yaran, su tara iyaye, su bayyana da bakinsu abin da ya sauya. A cikin wannan aiki guda sun koyi tsara lokaci, da magana da manya, da haƙuri, da ajiye bayani, kuma akwai ƙaramin yaro da yake jiran zuwansu, wanda shi ne dalili mafi ƙarfi na hana su fashi. Irin wannan tsari yana hawa kan gyaran kayan lantarki, ko shirin rediyo, ko dashen itatuwa, ko gasar wasanni da su za su shirya.

Kowane zama ya kasance da fasalin da aka sani: buɗewa ta minti goma inda kowa zai faɗi yadda makonsa ya kasance, sai babban aiki, sai minti goma sha biyar na ƙarshe domin waiwaye. Wannan waiwaye shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali a cikinsa ne aiki yake zama darasi. Tambayoyi uku sun isa: me ya tafi daidai, me ya ba mu wahala, me za mu sauya a mako mai zuwa.

Mataki na takwas: ku miƙa musu iko na gaske

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba yaro haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan duk abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A 1992 Roger Hart ya zana wa UNICEF tsani mai hawa takwas na shigar yara cikin al'amura, ya ce hawa uku na ƙasa ba shiga ba ne ko kaɗan: a yi amfani da yara domin manufar manya, ko a yi ado da su a taro, ko a ba su kujera ba tare da muryar da za ta sauya komai ba. Yaron da aka rubuta wa jawabi ya karanta a gaban baƙi yana kan waɗannan hawa ne, kuma ya sani.

Ku raba matasan ƙananan rukunai, kowanne da shugaban da suka zaɓa, shugabancin kuma ya riƙa zagayawa domin kada ya tsaya a hannun masu baki. Dabarar tsohuwa ce, domin a sansanin farko na 'yan sikawut da Robert Baden-Powell ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara kimanin 20 ya raba rukuni huɗu, kowanne a ƙarƙashin yaro. Ku zauna tare ku rubuta hukunce-hukuncen da nasu ne su kaɗai, da waɗanda za a yanke tare, da waɗanda ke hannun manya, kamar dokokin kariya. Ku ba su wani kaso na kasafin kuɗi su sarrafa, su kawo rasit. Idan suka yanke shawarar da kuke ganin ba za ta yi aiki ba, matuƙar ba ta da haɗari, ku faɗi ra'ayinku sau ɗaya ku bar su su gwada. Idan kuma kuka ƙi wata shawara tasu, ku faɗi dalili.

Mataki na tara: ku lura da yadda kuke haɗa rukuni

Shiri yana iya cutarwa, kuma mai kafa shi ya kamata ya san haka. Daga 1939 aka gudanar da wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts, inda aka ba ɗaruruwan yara maza masu ba da shawara, da taimakon karatu, da kulawar likita, da zuwa sansanin hutu, na kimanin shekara biyar. Da Joan McCord ta bibiye su bayan shekara 30, ta wallafa a 1978 cewa waɗanda aka taimaka sun fi takwarorinsu da ba a taimaka ba maimaita laifi, da shaye-shaye, da mutuwa da wuri. Nazarin da ta yi da Thomas Dishion da François Poulin a 1999 ya nuna cewa waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya sun fi kowa lalacewa. Bayanin da suka bayar shi ne cewa idan aka tara yara masu matsalar hali wuri guda, sukan riƙa yi wa juna dariya da jinjina a kan labarin ɓarna har ta zama abin alfahari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Don haka kada ku kafa rukunin da duk 'yan cikinsa an zaɓo su ne saboda laifi, kuma kada ku sa wa shirin sunan da zai nuna haka. Ku gauraya su da waɗanda suka natsu, masu natsuwar su fi yawa, ku rage lokacin zaman banza da babu babba a kusa. Ku kuma guji hanyar tsoratarwa. Shirye-shiryen kai yara gidan yari domin fursunoni su razana su, waɗanda suka yi tashe a Amurka tun shekarun 1970, Anthony Petrosino da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje tara a kansu, suka ga sun ƙara yiwuwar aikata laifi. Abin da ya nuna amfani ga samari masu saurin fushi shi ne horar da su su dakata su duba tunaninsu kafin su aikata, kamar yadda shirin Becoming a Man yake yi a makarantun Chicago a zaman awa guda kowane mako, inda kamun da ake yi musu kan laifukan tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikin shirin. Dokokin zama kuwa matasan su rubuta su tare da ku, kada su wuce biyar ko shida, hukuncin karya su ya zama gyara abin da aka ɓata, kora kuma ta zama matakin ƙarshe.

Mataki na goma: ku jawo iyaye da makaranta

Awa biyu a mako ba za su rinjayi sauran awannin ba idan gida da makaranta suna ja ta wani ɓangare. A ƙasar Iceland, a 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun sha giya har sun bugu a watan da ya gabata, zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Abin da aka yi ya haɗa da faɗaɗa wasanni da kiɗa da sauran ayyukan bayan makaranta a ƙarƙashin ƙwararru, da yarjejeniyoyi tsakanin iyaye, da ƙayyade lokacin da yara za su kasance a waje da dare, da tambayoyin jin ra'ayi da ake yi wa ɗalibai a kai a kai ana mayar wa kowace unguwa sakamakonta. Shan giya a tsakanin matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma a wannan lokaci, don haka ba za a jingina dukkan nasarar ga tsarin ba, amma darasin haɗa hannu yana nan. Ku ziyarci kowane gida kafin a fara, ku kira iyaye idan ɗansu ya yi abin yabo maimakon sai ya yi laifi, ku samu malami guda a kowace makaranta da za ku riƙa tuntuɓa da izinin iyaye.

Mataki na ƙarshe: kuɗi, awo, da sallama

Ku tsara kasafin shekara guda cikakkiya kafin ku buɗe, ku rage girman shirin har ya dace da kuɗin da kuke da tabbacinsa. Mutum biyu su riƙa sa hannu a kan kowace fitar kuɗi, a riƙa karanta lissafi a gaban kwamiti, kuma kada ku dogara da mai ba da tallafi guda.

Wajen awo, rajistar halarta ita ce kayan aikinku na farko. Ku duba wanda ya yi fashi sau biyu a jere ku neme shi a makon, ku kuma duba ko masu ficewa sun fito ne daga rukuni guda, kamar 'yan mata ko masu aiki. Ku yi wa kowa gajerun tambayoyi a farkon zango da ƙarshensa a kan manufofin da kuka rubuta a mataki na uku, ba tare da sun sa suna ba. Kada ku ɗauki jin daɗi a matsayin hujja, domin a binciken McCord yawancin mutanen da suka amsa sun ce shirin ya taimake su, alhali bayanan kotu da asibiti sun nuna akasin haka. Ku nemi abin da za a iya ƙirgawa, kamar komawa makaranta, da kammala aiki, da samun gurbin koyon sana'a, kuma ku tambayi waɗanda suka fice dalilinsu.

Kowane zango ya kasance da ranar ƙarewa da aka sani tun farko. Wata guda kafin ranar, jagora ya zauna da kowane matashi su rubuta matakinsa na gaba, da sunan wanda zai tuntuɓa a can, a kuma haɗa su kafin a rabu. Waɗanda suka nuna ƙwazo a gayyace su su dawo mataimaka a zango mai zuwa, bayan sun bi tantancewa da horon da kowane babba yake bi. Idan jagora zai tafi kafin wa'adinsa, ya sanar da yaran da bakinsa makonni kafin tafiyar, ya gabatar musu da wanda zai gaje shi, su yi zama biyu ko uku tare. Idan kuma shirin ne gaba ɗaya zai rufe saboda ƙarewar kuɗi, ku faɗa wa matasa da iyayensu da zarar kun tabbatar, ku nemo wa kowa gurbi a wata ƙungiya, sannan ku lalata ko ku adana takardun da ke ɗauke da bayanan yara kamar yadda dokar ƙasarku ta tanada.